Firinta ta daina fitar da rubutu bayan hutu: katirij za a saya ko injin za a canza?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar Islamiyya da boko a Tudun Wada, nan Kaduna. Muna da firinta HP DeskJet 2130 da muke buga takardun jarrabawa da ita duk ƙarshen zango, shafi kamar 500. Tun jarrabawar Disamba muka rufe ta a ofis, ba a sake taɓa ta ba sai yanzu a Maris. Da muka kunna, rubutun ya riƙa fitowa da fararen layuka, daga baya ya dusashe. Na kai katirij ɗin baƙi aka yi masa ɗurin tawada, ya yi kwana biyu yana aiki, yanzu kuma takarda fara fat take fitowa, wani lokaci fitilar katirij tana ƙiftawa. Sabo zan saya, ko ɗurin zan ci gaba da yi, ko kuwa firintar ce ta mutu? Kuɗin makarantar ba yawa."

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya saka muku da alheri bisa hidimar yaran nan. In na fahimce ki daidai, abu uku kike son sani: me ya hana rubutu fita, ko ɗurin tawada abin dogaro ne, da kuma inda ya kamata ɗan kuɗin da ke hannu ya tafi. Gyaran firinta da kwamfuta ne sana'ata a garin nan, kuma wannan ƙorafi lokacinsa ne da shi. Duk ƙarshen zango sai malamai sun yi ta sallama a shago, kowa rungume da firinta, ga jarrabawa ta matso. Mafi yawansu injin lafiyarsa ƙalau, kuma ina kyautata zaton taku ma haka take. Zaman da ta yi ne ya ja mata. Firintar tawada tana jure aiki, amma ba ta jure ajiya.

Abin da ke faruwa a cikin katirij

Katirij ɗin da 2130 ke amfani da shi a yankinmu shi ne mai lamba 123, baƙi ɗaya, mai kala ɗaya. Mutane na ɗaukarsa mazubin tawada kawai, alhali kan da ke yin rubutun a jikinsa yake. Ki juya shi ki dubi ƙasansa, za ki ga wani ɗan faranti mai sheƙi. A jikin farantin akwai ɗaruruwan ƙofofi, kowace ta fi silin gashi siranta, kuma a bayan kowace ƙofa akwai ɗan mitsitsin hita. Idan za a yi rubutu, hitar takan ɗau zafi nan take, zafin da ke kaiwa wajen digiri 300, tawadar ta yi kumfa, kumfar ta turo ɗigo ɗaya waje. Haka ake yi sau dubbai cikin daƙiƙa guda. HP da Canon ne suka kawo wannan fasaha kasuwa a tsakiyar shekarun 1980. Epson da Brother kuwa ba sa dafa tawada, wani ɗan falle ne ke motsawa idan lantarki ya taɓa shi ya matso ɗigon, kuma kansu a jikin injin yake, ba a jikin katirij ba.

To, ita tawada mafi yawanta ruwa ne. Idan ta zauna a bakin ƙofofin nan ba motsi, ruwan ya tafi, abin da ya rage ya daskare ya toshe hanya. Baƙar tawadar 123 ma garin launi ne a cikin ruwa, shi ya sa idan ta bushe ta fi mai kala taurin kai. Masu ƙera injinan galibi suna rubuta cewa a yi aiki da su inda danshin iska yake tsakanin kashi 20 zuwa 80 cikin 100. A Janairu da Fabrairu, da rana, danshin iskar Kaduna yakan faɗi ƙasa da kashi 20 ɗin. Taku ta kwashe hunturun nan gaba ɗaya a rufe, sannan zafin Maris ya zo ya same ta. Fararen layukan da kika fara gani ƙofofin da suka toshe ne.

Abin da ya biyo baya ya fi damuna. Tawadar da ke wucewa ta kan hita ita ce ke sanyaya ta. Idan ƙofa ta toshe ko tawada ta ƙare aka ci gaba da bugawa, kamar an bar tukunya a kan wuta ne ba ruwa a ciki. Hitar takan ƙone, kuma wadda ta ƙone ba ta da gyara, ko da an cika katirij ɗin maƙil. Da rubutu ya fara dusashewa, a nan ya kamata a tsaya. Yawancin mutane sai sun tatse shi har takarda ta fito fara kafin su kai ɗuri, kuma ban ga laifinsu ba, ba wanda ke gaya musu wannan a wajen saye.

Gwajin da za ki yi kafin ki fitar da ko sisi

Ban ga katirij ɗinki da idona ba, don haka ba zan yanke hukunci daga nan ba. Amma ke da kanki za ki iya gano matsalar cikin rabin awa. Alamu biyu kika ambata, kuma ba lallai tushensu ɗaya ba ne. Takarda fara ba tare da injin ya yi ƙorafi ba, matsalar tawada ce: ko toshewa, ko iska ta shiga, ko hita ta ƙone. Fitila mai ƙiftawa kuwa matsalar lantarki ce: injin ba ya jin katirij ɗin yadda ya kamata.

Ki fara da fitilar. Kunna injin, buɗe ƙofar gaba, ki jira abin da ke ɗauke da katirij ya zo tsakiya ya tsaya cak. Danna baƙin ƙasa kaɗan, zai saki, ki zaro shi. Rufe ƙofar ki gwada buga shafi da mai kala shi kaɗai, domin wannan injin yana yarda ya yi aiki da katirij ɗaya. Idan ya buga lafiya, kin tabbatar firintar na raye, matsalar tana jikin baƙin. Daga nan ki dubi ɗigo-ɗigon tagulla da ke jikinsa. Bayan ɗuri sau da yawa tawada takan malalo ta ɓata su. Ki sami tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, ki ɗan jiƙa shi ki matse sosai, ki goge tagullar, ki goge takwarorinta na cikin injin bayan kin cire waya daga soket, ki bar su minti goma su bushe.

Wane ruwa? Kada ki sa na rijiya ko na burtsatse, suna da gishiri da ƙasa da ido ba ya gani, kuma su ma toshewa suke yi. Ni ruwan haɗa allura nake saye a kemis, yana da araha kuma tataccen ruwa ne. Wasu suna zuwa wajen masu batir, amma a can ana iya miƙo maka wanda aka haɗa da asid, shi ya sa ba na tura kowa. Fetur, kananzir da tina kuwa kada su kusanci katirij.

Sai gwajin tawada. Ninka tishu, ki ɗan jiƙa, ki ɗora ƙasan katirij a kai ki danna a hankali na daƙiƙa biyar. Lafiyayyen baƙi zai bar tabo baƙi ƙirin. Mai kala zai bar layi uku: shuɗi, ja da ruwan ɗorawa. Idan tabon ya fito sosai amma a takarda babu komai, to tawada na sauka, hitocin ne suka tafi, sai dai sabo. Idan tabon bai fito ba ko ya fito rabi, akwai fata. Zuba ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, a murfin kwalba, iya wanda zai rufe farantin kawai ba tare da ya kai ga tagulla ba. Tsoma shi minti biyar zuwa goma, ki sake dannawa a tishu. In tabon ya dawo, ki tsane shi ƙaƙas, ki mayar, ki shiga manhajar firintar a kwamfuta ki sa ta wanke katirij sau ɗaya. Sau ɗaya, in ya yi yawa biyu. Wankin nan da tawadarki ake yin sa, kuma ƙaramin 123 abin da ke cikinsa bai wuce mil 2 ba. Wannan dabara takan ceci wanda ya toshe, amma ba kullum ba. Wanda ya yi wata uku a bushe aka kuma buga da shi a haka, sau da yawa ba ya tashi.

Maganar ɗuri

Ba na cikin masu cewa ɗuri haramun ne. Ina yin sa, kuma ya rufa wa masu ƙananan shaguna da ɗalibai asiri a garin nan. Amma yana da ƙa'ida, kuma inda gizo ke saƙar shi ne yawan da ake zubawa. A cikin katirij soso ne ke riƙe tawada, kuma soson ƙaramin katirij ɗan kaɗan ne, bai cika akwatin ba. Mai ɗuri ya cika sirinji mil 10 ya danna duka don mai kaya ya ji nauyi ya ji daɗi. Abin da soso bai sha ba sai ya yi ta ɗiga, ya jiƙa tagulla, ya taru a bakin ƙofofi ya hana ɗigo fita. A mai kala kuma launukan su haɗu, ruwan ɗorawa ya koma kore. Aikin kwana biyu sannan shiru, da fitila mai ƙiftawa, ya yi kama da wannan sosai.

Idan za a yi, a yi tun rubutu bai dusashe ba, ko da ya fara kaɗan. Mil 2 zuwa 3 ya ishi ƙaramin baƙi, a tura a hankali, a tsakiyar soso. A zuƙo ɗan kaɗan ta ƙasa don a fitar da iska. Kada a liƙe saman ruf da salatif, akwai 'yar hanyar iska a ƙarƙashin takardar da ke sama, in an toshe ta tawada ba za ta sauko ba. Kuma a tambayi irin tawadar. Ta Epson ba a yi ta don a dafa ta ba, in aka zuba ta a katirij mai hita tana rage masa kwana, amma za ki ga kwalba ɗaya ake ɗura wa kowane iri. Ki sani kuma bayan ɗuri kwamfuta za ta ci gaba da nuna cewa tawada ta ƙare, ko ta ce an taɓa amfani da katirij ɗin. Ba matsala ba ce, injin lissafi yake yi da ɗigon da ya fitar, ba leƙa cikin yake ba. Ki amince ki wuce, amma daga nan idonki ne ma'auni. A abin da nake gani a shago, katirij ɗin da aka kula da shi yakan ɗauki ɗuri 'yan lokuta kafin rubutunsa ya fara lalacewa. Ba a ƙera shi don ya dawwama ba.

In sabo za ki saya

Ki tafi da tsohon a jaka, ki nemi lambar da ke jikinsa. Wannan yana da muhimmanci domin HP ta raba duniya yanki-yanki. Injin 2130 ɗin da aka sayar a nan 123 yake karɓa, wanda aka sayar a Turai 302, na Amurka kuma 63. A ido kamarsu ɗaya, suna shiga ramin daidai, amma injin zai ƙi wanda ba na yankinsa ba. Masu sayen firinta ta hannu da aka shigo da ita daga waje su suka fi faɗawa wannan rami.

Akwai ƙarami, akwai mai XL. A lissafin kamfanin, ƙaramin baƙi shafi 120 ne, XL kuma 480. Alƙaluman nan na gwaji ne da ake bugawa a jere ba tsayawa, don haka a aikin yau da kullum ki sa ran ƙasa da haka. XL ya fi tsada a hannu, amma ya fi araha a kan kowane shafi, kuma sosonsa ya fi girma, don haka ya fi karɓar ɗuri daga baya.

Jabu ya yi yawa, ko a shagunan titin Ahmadu Bello ko a cikin Kasuwar Sheikh Gumi za ki saya, ki buɗe ido. Ba ina nufin 'yan kasuwa macuta ne ba, wasu su ma a haka aka kawo musu. Abin da ake yi shi ne a tattara tsofaffi, a ɗura, a sa a sabon kwali. A jikin kwalin asali akwai tambarin tsaro mai canza kama idan an karkata shi, da lambar da ake ɗauka da kyamarar waya don tantancewa. Ki duba kwanan watan da ke kwalin. In an buɗe, ki dubi tagullar: sabo sumul take, wanda ya taɓa shiga inji za ki ga 'yan tabban da ƙusoshin injin suka bari. Ki karɓi rasit, ki kuma yi magana da mai shago tun farko cewa in inji ya ƙi shi za ki dawo da shi. Wanda farashinsa ya faɗi ƙasa da na kowa nesa, ki bar masa kayansa.

Sa shi ba wuya. Injin a kunne, ƙofa a buɗe, a jira ya tsaya. A cire tef ɗin robar da ya rufe ƙasan sabon, wanda mutane da yawa ke mantawa su zo suna cewa an sayar musu da mataccen kaya. Kada yatsa ya taɓa farantin ko tagullar, kuma kada a mayar da tef ɗin bayan an cire. Mai kala a hagu, baƙi a dama, a tura shi yana ɗan kallon sama har a ji ƙas. Daga nan za a nemi ki buga shafin daidaitawa, ki kifa shi a kan gilashin sikana ya karanta. Kada ki tsallake wannan, shi ke hana rubutu fitowa da inuwa. Kuma kada ki cire tsoho sai sabon yana hannunki. Katirij bai kamata ya wuce minti 30 a waje ba.

Wuta da ƙura

A gefen dama na cikin injin akwai wurin da katirij ke komawa ya kwanta, inda wasu murafun roba ke rufe bakinsa don kada iska ta shiga. Yakan koma can ne idan ya gama aiki ko an kashe shi da maɓallinsa. Wanda ya zare waya daga bango, ko ya kashe soket injin na tsakiyar motsi, ya bar bakin a buɗe. Ɗauke wuta ma haka take yi. Ina zargin abin da ya faru da taku ke nan a Disamba: an gama aiki, an kashe janareto, an ja ƙofa. Don haka duk lokacin da wuta ta ɗauke ana cikin bugawa, da zarar ta dawo a kunna injin, a bar shi ya gama 'yan motse-motsensa, a danna maɓalli, a jira ya yi tsit, sannan a zare waya. Zarewar kuma tana da amfani, musamman da damina lokacin tsawa, da lokacin da ake kawo wuta da ƙarfi. Irin wannan injin wutar da yake ci wajen wat 10 ce, ƙaramin UPS, wato akwatin batir da ke ci gaba da ba da wuta in an ɗauke, ma yana riƙe shi.

Sai abin da ya fi komai: a buga shafi ɗaya duk mako, mai ɗauke da baƙi da dukkan launuka, ko da ba a bukata. Da hunturu sau biyu. Tawadar da wannan zai ci kaɗan ce in aka gwada da asarar katirij. In an yi hutu, wani malami ya tafi da ita gida, a ɗauke ta a zaune yadda take, ba a kife ko a karkace ba, kuma katirij ɗin na ciki.

Ƙura kuwa ta sama take shiga, ta wajen sa takarda. A kwashe takardun in an gama, a rufe marfin, a lulluɓe injin da zane. Takardar da ta kwana a buɗe da hunturu ƙura take kai wa tayoyin da ke jan ta, sai su fara santsi. Da damina kuma danshi take sha ta manne, injin ya ja uku a tare, don haka a bar ta cikin ledarta. Akwai wani siririn zirin roba garai-garai da ya ratsa cikin injin daga hagu zuwa dama, da shi yake gane inda yake. In ya yi datti rubutu yakan karkace ko kan ya riƙa dukan bango. A goge shi a hankali, kada a fizge. Kada kuma a zuba man inji ko man gyaɗa a kan sandar da kan ke gudu. Na sha buɗe firinta in tarar da gidan zanzaro ko kyankyasai, duk na ofisoshin da aka rufe ne aka tafi hutu.

Shin wannan injin ya dace da aikinku?

A nan zan faɗa miki ra'ayina kai tsaye. An yi 2130 don gida, shafi biyar yau, uku jibi. Ku kuma shafi 500 kuke so cikin mako guda, sannan wata uku shiru. Wannan ya haɗa abu biyu da injin ya fi ƙi. Shafi 500 ƙananan katirij huɗu ne da ɗoriya, duk zango.

Hanya mafi sauƙi ba ta bukatar sabon inji. Ki buga kwafi ɗaya na kowace jarrabawa, ki kai shagon fotokwafi a ninka. Kuɗin shafi a can ya fi na katirij sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai sirrin jarrabawa, wanda ke kika san yadda za ki tsare shi, ko ki tsaya a kai har a gama.

In makaranta ta samu hali, ana yawan ba da shawarar firinta mai tanki, irin Epson L3210 ko Canon G3411, kuma a lissafi gaskiya ne. Kwalbar baƙar tawada 103 ta Epson mil 65 ce, kamfanin ya ce tana buga shafi 4,500, wato abin da ƙananan 123 fiye da 37 za su buga. Ga mai shagon da ke aiki kullum babu kamarta. Amma ita ma tawadar ruwa ce, in an rufe ta wata uku za ta bushe, kuma a Epson kan a jikin injin yake, canza shi babban kuɗi ne. In kun saye ta, dokar shafi ɗaya duk mako ta zama wajibi. Kuma in ta toshe, bayan wanki uku a dakata awa 12 kafin a sake, kamar yadda littafinta ya ce, domin yawan wanki yana cika soson da ke tara dattin tawada har injin ya tsaya.

Ga aikinku, rubutu baƙi zalla da dogon hutu, ni firintar leza mai baƙi kawai zan zaɓa. Garin tona take amfani da shi, ba ya bushewa, a rufe ta zango guda a dawo ta tashi. Rubutunta kuma ba ya narkewa in ruwa ko gumin hannun yaro ya taɓa shi. Aibinta wuta: tana jan wat 300 zuwa sama lokacin bugawa, ƙaramin UPS ko ƙaramar inbata ba za su ɗauke ta ba, sai wutar gari mai kyau ko janareto mai ɗan ƙarfi. In wutarku ta sola ce 'yar kaɗan, ku auna wannan tukuna.

Na jarrabawar da ke gabanku kuwa, ki yi gwajin katirij ɗaya da na tishu yau. In baƙin ya ƙone, ki sayi XL ɗaya na asali, ki sa bugawa a kan baƙi kawai, ki fitar da kwafin farko na kowane darasi, sauran a yi fotokwafi. In kuma injin ya ƙi bugawa ko da mai kala shi kaɗai bayan kin goge tagulla, to a kai shi wajen mai gyara, a tafi da katirij biyun a ciki da wayar wutarsa, domin wani lokaci ƙusoshin da ke taɓa tagullar ne suka lanƙwashe ko tawada ta ci su.